Daga Zana Zuwa Ragar Waya: Tarihin Shingen Baƙo a Kanvili

Akwai kalmar Hausa guda da ta zauna daram a bakin mutanen arewacin Gana, har wanda bai iya gaisuwa da Hausa ba ya san ta, wato zana. Ana jin ta a kasuwar Aboabo, ana jin ta a ƙauyukan Dagombawa, har cikin Turancin ma'aikatan gwamnati ta shiga. Ga shi kuwa yau a Kanvili da unguwannin da ke maƙwabtaka da ita, zanar tana ja da baya. Inda a da ake kewaye lambu ko turken tumaki da gamba da kara, yanzu ragar waya ce wadda aka yi wa walda, mai ramuka murabba'i, a ɗaure jikin dirkoki.

Mai karatu zai iya ɗauka sauyin kayan aiki ne kurum. Amma shinge yana da tarihi, tarihin nasa kuma yana bayyana abu biyu: wa ke da ƙasa, kuma a kan wa nauyin tsaro yake, mai shuka ko mai dabba. Ga al'ummar Hausawa da ke zaune a ƙasar Dagomba, waɗannan tambayoyi ba su taɓa tsufa ba.

SHINGE A ƘASAR HAUSA

Yawan sunayen abu a harshe yana nuna matsayinsa a rayuwar masu harshen. Bahaushe yana da danga da darni, waɗanda ake yi da karan dawa ko na gero. Yana da zana, wadda ake saƙawa da ciyawar gamba. Yana da katanga ta ƙasa. Lambun da aka kewaye sunansa garka. Hanyar shanu da ta ratsa tsakanin gonaki, da shinge dama da hagu, sunanta burtali. Sama da su duka akwai ganuwa, shingen gari. Tarihin Kano ya nuna cewa an fara ginin ganuwar birnin a zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa, tsakanin 1463 da 1499. Ganuwar ba gidaje kaɗai ta kewaye ba. Matafiyan Turai irin su Clapperton a 1824 da Barth a 1851 sun tarar da gonaki da filaye masu faɗi a cikinta, domin garin da aka yi wa ƙawanya yana bukatar abin da zai ci.

Amma shingen da ya fi kowane daraja a karkara shi ne mai rai. Manomi a ƙasar Katsina ko Kano ko Maraɗi yakan sari reshen aguwa, ko dashi, ko bini-da-zugu, ya kafa a kan iyakar gonarsa gab da faɗuwar damina. Reshen ya yi saiwa, ya yi toho, bayan 'yan shekaru ya zama bango. Akuya ba ta damu da cin aguwa ba saboda ƙaronta, gara kuma ba ta cin itace mai rai kamar yadda take cin busasshe. Irin wannan shinge yakan wuce ran wanda ya dasa shi. Idan jikoki suka yi gardamar iyaka, dattawa layin aguwa suke nunawa, magana ta ƙare. Shinge mai rai takardar mallaka ce tun kafin takarda ta zo.

Duk da haka, galibin gonakin hatsi ba a kewaye suke ba. Abin da ke tsare su shi ne al'ada da lokaci. Da zarar shuka ta fito, mai gari yakan sa a yi shela cewa kowa ya ɗaure dabbarsa. Tumaki da awaki su koma turke, ko a haɗa su a bai wa makiyayi ya fita da su daji ta burtali. Bayan an kawar da amfanin gona, sai a saki dabbobi su ci kara da harawa, Fulani su sauka a gonaki da shanunsu, mai gona ya samu taki. Da damina nauyi yana kan mai dabba. Da rani kuwa, duk wanda ya yi lambu shi zai kewaye abinsa.

Malamai ma sun san wannan rabo na nauyi a littattafansu. A cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik an kawo labarin taguwar Bara'u ɗan Azib da ta shiga gonar wani mutum ta yi ɓarna, aka hukunta cewa tsaron gona da rana yana kan masu ita, ɓarnar dare kuma tana kan masu dabbobi. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ɗaliban zaure ke karantawa daga Sakkwato har Tamale, ta tafi a kan haka. Mukhtasar na Khalil ya ƙara sharaɗi mai muhimmanci: mai dabba yana kuɓuta daga biyan ɓarnar rana ne idan an sake ta nesa da gonaki. A riƙe wannan sharaɗi, za a dawo kansa.

FATAKE DA SHINGEN ZANGO

Hausawan da suka fara sanin wannan yanki fatake ne masu neman goro. Ayarinsu yakan tashi daga Kano ko Katsina da jakuna da takarkarai ɗauke da kanwa, da tufafi, da fatu, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Borgu, ya biyo ta Sansanne Mango da Yendi, ya sauka a Salaga ta ƙasar Gwanja. Tafiyar takan ci watanni. A kowane masauki madugu yakan nemi izinin sarkin wurin, a biya abin da aka saba biya, a sauka a bayan gari. Wannan masauki shi ne zango. Shingensa ƙaya ce da aka saro, da 'yan bukkoki na ciyawa da zana, abin da za a iya bari ko a naɗe da asuba a ɗora wa jaki.

A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi, Salaga ta fita daga hannun Asante, goro ya ragu a kasuwarta. A 1892 yaƙin basasa ya tashi kan sarautar Kpembe, garin ya watse. 'Yan kasuwa da malamai suka bazu zuwa Yeji, da Kintampo, da Kete-Krachi, inda mashahurin malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru, ya zauna har rasuwarsa a 1934. Da Turawa suka mayar da hedkwatar mulkin Arewa daga Gambaga zuwa Tamale a 1907, garin ya zama wurin neman abinci. Mahauta, da dillalan shanu, da maɗinka, da malamai suka sauka, zangon Tamale ya kafu, zangon kwana ɗaya ya zama unguwa.

Sai dai unguwar a ƙasar mutane take. Ƙasar Dagomba tana da masu ita: Ya-Na a Yendi, sarakunan da ke ƙarƙashinsa, da tindana, mai kula da al'amuran ƙasa na gargajiya. Dagombawa sun karɓi baƙi hannu biyu, suna bai wa mai bukata fili ya noma, shi kuma ya kai gaisuwa bayan girbi. Amma akwai ƙa'idar da aka sani a ko'ina cikin arewacin Gana: wanda aka ara wa gona ba ya dasa itace a cikinta sai da izini, domin dasa itace da'awar mallaka ce. Ko itatuwan da suka fito da kansu suna da hukunci. Ɗorawa, alal misali, haƙƙin sarki ce a al'adar Dagombawa, ko da a gonar wani ta tsira.

Daga nan za a gane abin da ya sa shingen da ya bi Bahaushe zuwa nan shi ne zana. Manomin Batagarawa yana kafa aguwa ne don jikokinsa su gada. Baƙo a gefen Tamale ba shi da wannan dama, kuma mai hankali ba ya neman ta. Abin da ya dace da shi shi ne shingen da ke cewa wannan shuka tawa ce, ba tare da ya ce wannan ƙasa tawa ce ba. Zana da kara da ƙaya suna yin shekara ɗaya ko biyu su ruɓe, a sake sabo idan mai ƙasa ya sake yarda. Rauninsu shi ne ladabinsu. Dokar korar baƙi ta Nuwamban 1969, a zamanin gwamnatin Busia, wadda ta tayar da dubban mazauna zangogi, ta ƙara dasa wa waɗanda suka rage tunanin cewa dukiyar da za a iya ɗauka ta fi kwanciyar rai.

YADDA GARI YA CINYE GONA

A zamanin mulkin Turawa, gwamnati ce ke riƙe da ikon filayen Arewa, aka ci gaba a haka bayan samun 'yanci a 1957. Tsarin mulkin 1979 ya mayar da filayen ga masu su na asali, na 1992 ya tabbatar. Tun daga nan rabon fuloti ya koma hannun sarakuna, a daidai lokacin da Tamale ke bunƙasa. Ƙidayar 1970 ta ba garin mutum kusan dubu 84. Ta 2000 ta nuna ya haura dubu 200. Gundumar Sagnarigu, wadda aka yanka daga Tamale a 2012 kuma Kanvili ke cikinta, ta wuce mutum dubu 340 a ƙidayar 2021.

Kanvili ƙauyen Dagombawa ne da gonaki suka kewaye. Gari ya miƙo ta hanyar Bolga ya haɗiye shi, kamar yadda ya yi wa Jisonayili da Choggu. Gonakin suka zama fuloti masu turakun siminti a kusurwa. Wanda ya sayi fuloti kuma ba lalle ne ya gina nan take ba. Yakan kafa harsashi ya bari shekaru, wani ya roƙa ya shuka masara ko kuɓewa a ciki kafin a tashi gini. Noma bai mutu ba, ya dai koma 'yan gutsattsari tsakanin gidaje.

Dabbobi ma ba su tafi ba. Kusan kowane gida yana da 'yan awaki ko tumaki, su ne asusun mata, su ne kuɗin makaranta, su ne ragon layya. Abin da ya tafi shi ne dajin da ake kai su. A nan sharaɗin Khalil ya zama abin dubawa: an ɗauke wa mai dabba biyan ɓarnar rana idan ya sake ta nesa da gonaki, to ina nesa a unguwar da masara ke jingine da katangar gida? Akuyar da aka kwance da safe, taku ashirin ya kai ta shukar maƙwabci.

Lokaci ma ya rikice. Ruwan Tamale damina ɗaya ce, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, rani kuma mai tsawo ne. Amma bukatar gari ta ganye ba ta san rani ba. Masu lambu a Gumbihini, da Bulpela, da Sangani, da Zagyuri suna noman alayyafo, da ayoyo, da rama, da latas, da kabeji a watannin da babu ɗanyen tsiro ko'ina sai a wurinsu. Watannin nan kuwa su ne waɗanda al'ada ta ce a saki dabbobi. Koren lambu a tsakiyar hunturu kira ne ga kowace akuya mai yunwa.

Kayan shingen gargajiya su ma sun yi nisa. Gambar da ake yankowa a bayan gari yanzu sai an shigo da ita daga ƙauyuka a kan babur mai ƙafa uku. Gobarar daji tana cin ta tun kafin a yanka. Barnar gobarar 1983 na daga cikin abin da ya kai ga dokar hana ƙona daji ta 1990, amma har yau hunturu ba ya wucewa ba a ga hayaƙi ba. Zana ta yi tsada, ga gara, ga wuta, ga saƙa sabuwa duk shekara.

ASALIN WAYAR

Waya ma tana da nata tarihin rigima. A 1874, shekarar da aka ci Kumasi, wani manomi a jihar Ilinoi ta Amurka mai suna Joseph Glidden ya samu rajistar waya mai ƙaya. Cikin shekaru kaɗan aka kewaye filayen kiwo da a da kowa ke shiga, har da mashayu da hanyoyi. A Tekzas makiyayan da aka toshe suka riƙa fita da dare suna yanke waya, rikicin ya yi tsanani a 1883, a 1884 majalisar jihar ta mayar da yanke shinge babban laifi, ta kuma tilasta wa masu shinge barin ƙofa inda suka tare hanyar jama'a. Abin da Bahaushe ya warware da burtali tun da daɗewa, can sai da aka zubar da jini kafin a gane shi.

Ragar walda ta biyo baya. A 1886 Elihu Thomson ya fito da hanyar haɗa ƙarfe da ƙarfe da zafin lantarki. A 1901 John Perry na jihar Masacusets ya yi rajistar injin da ke jera wayoyi tsaye da kwance yana like kowace mahaɗa. Shinge ya nufa da ita, amma magina suka fi karɓar ta, suna shimfiɗa ta cikin kankare don ƙarfi. A gonakin Amurka an daidaita ta zuwa falle-falle masu tauri: na shanu yakan kai tsawon ƙafa 16, wato kusan mita 5, da tsayin inci 50, na aladu ya fi gajarta, ramukansa na ƙasa sun fi matsewa, na tumaki da awaki kuma ramukansa inci 4 ne kowane gefe.

A wannan yanki, waya ta daɗe tana zaman kayan hukuma. Inda aka saba ganin ta shi ne bariki, da filin jirgi, da makarantun kwana, da tashoshin gwamnati irin ta kula da lafiyar dabbobi da ke Pong-Tamale tun shekarun 1930. Ta iso hannun talaka ne ta shagunan kayan gini. Mai lambu ya ga ragar da magina ke saye, ya ga za ta tare akuya. Masu walda na bakin titi suka shiga yi mata firam da ƙarfe, suna haɗa ƙofa da sakata. Sana'ar maƙera ce ta sake kama.

ABIN DA TA IYA DA ABIN DA TA KASA

Ragar walda tana da hali guda da ya sa ta dace da mai noma a filin aro: ana kwance ta. Ba ta saiwa, ba ta da harsashi. Ranar da mai fuloti ya ce zai zuba bulo, sai a tuge dirkoki, a ɗora fallayen a kan babur, a kai wani filin. Ba ta da'awar ƙasa, kamar yadda zana ba ta yi, sai dai ita takan yi shekaru, wuta ba ta cin ta, gara ba ta taɓa ta. A wannan fuska ita ce magajiyar zana ta gaskiya, ba katangar bulo ba.

Amma araha ba ta ado. Ragar magina an yi ta ne don a binne cikin siminti, ba a shafe ta da tutiya ba, damina kaɗan ke sa ta tsatsa, mahaɗanta su fara ɓallewa. Wadda aka shafe da tutiya ta fi tsada, ta kuma fi daɗewa nesa ba kusa ba. Girman rami ma abin lura ne. Awakin wannan yanki gajeru ne, 'ya'yansu suna ratsa ramin da aka yi don shanu, babba mai ƙaho kuma takan cusa kai ta kasa fitarwa, rana ta same ta a nan. Ƙananan ramuka daga ƙasa su ne magani. Dole gindin ragar ya taɓa ƙasa sosai, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dirkar itace, ko ta dogonyaro ce, gara za ta ci gindinta idan ba a ƙona shi ko an shafe shi ba. Ta ƙarfe ko ta siminti ta fi, sai dai ƙarfe yana jan idon masu sayen gwangwan. Zabi kuwa ta sama suke bi, babu ragar da ta dame su.

Akwai kuma abin da zana ke bayarwa wanda waya ba ta da shi. Zana sutura ce. Tana kare tsakar gida daga idon mai wucewa, tana rage wa shuka bugun iskar hunturu, tana yi wa dabba inuwa. Shi ya sa za a ga wasu sun kafa raga sannan sun jingina mata zana daga ciki, ƙarfe yana tsaro, ciyawa tana rufin asiri.

NAUYIN DA BAI SAUYA BA

Babbar matsalar ita ce kuɗi. Kara da ƙaya ƙarfin jiki suke ci, raga kuwa sidi take ci, kuma a dunƙule. Mai hali ya kewaye lambunsa ya yi barci, dabbobin unguwa sai su karkata ga shukar wanda bai da hali. Idan aka bar magana a kan cewa kowa ya kewaye nasa, an ɗora wa mafi rauni nauyin da al'ada da shari'a suka raba biyu. Majalisun gundumomi suna da dokokin kama dabbobin da ke yawo da cin tarar masu su, amma kafin magana ta kai can, zumunci ya riga ya yi rauni. Ga 'yan tsiraru a cikin jama'a, rigimar akuya ɗaya takan koma maganar ƙabila cikin dare ɗaya.

Falle huɗu na raga sun isa su yi wa awakin gida garke, kuma hakan ya fi sauƙi a kan kewaye gona guda. Mai dabba da ya killace nasa ya sauke nauyin da littattafai suka ɗora masa. Mai lambu da zai kafa raga a filin aro, ya fara zuwa wurin mai filin da dattawan unguwa ya bayyana cewa shingen na shuka ne, ranar da aka bukaci fili zai kwashe. Duk mai kewayewa kuma ya duba inda mutane da dabbobi suka saba bi zuwa rijiya ko masallaci ko makaranta, ya bar musu hanya, ko da taku uku ce. Kakanninmu da suka kafa aguwa dama da hagu sun bar burtali a tsakiya, waɗanda suka sauka a ƙasar Dagomba kuma sun nemi izini kafin su kafa dirka. Waɗannan ladubba biyu su ne suka zaunar da zango lafiya fiye da shekara ɗari, kuma ba a sayar da su a shagon kayan gini.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.